Daga Cikin Fili Zuwa Benci: Yadda Na Bi Har Na Zama Kocin Ƙwallon Raga

Tun da na ajiye buga ƙwallon raga na koma horarwa, tsofaffin abokan wasa da ƙannenmu da gwiwa ta fara yi musu gardama suke kirana suna tambayar ta ina ake farawa. Tambayar kusan ɗaya ce: wace takarda ake buƙata, a ina ake samunta, wa ake fara gani. Lokacin da nake nema ban samu wanda ya zaunar da ni ya jera mini bayani ba, kowa ɗan guntun da ya sani yake ba ka, wani guntun ma yana karo da wani. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tawa tafiyar ta kasance, ofis bayan ofis, domin na baya su rage wahala.

Na fara wasa a makarantar sakandare a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake buga tsohuwar doka, wadda sai mai sabis kaɗai ke cin maki kuma zagaye ke ƙarewa a maki 15. A idonmu aka shigo da libero, wato ɗan wasan baya mai tare ƙwallo da ke sa riga daban, a 1998, sannan a 1999 aka koma tsarin da kowane bugu yake da maki, zagaye ya zama 25, na biyar kuma 15. Ni seta ne, wato mai ɗaga wa masu simash ƙwallo. Daga makaranta aka ɗauke ni ƙungiyar jiha, na buga gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara tun 1973 a Legas, daga baya na shiga kulob ɗin da ke buga babbar gasar ƙasa. Wanda ya san wasan a Najeriya ya san ƙungiyoyin masu kaki ne suka fi yawa a sama: kwastam, 'yan sanda, shige da fice, sibil difens, soja, sai 'yan kulob irin su Kano Pillars. 'Yan wasan masu kaki ma'aikata ne, suna da albashi da fansho ko sun daina wasa. Ni kuwa kulob ɗinmu kwantiragi ne da alawus ɗin sansani, ranar da ka daina tsalle ranar kuɗinka ke tsayawa. Wannan bambanci ya shafi duk abin da ya biyo baya, don haka mai karatu ya fara duba a wane rukuni yake.

Jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ce ta tsayar da ni, ciwon da ya zama ruwan dare ga masu yawan tsalle a kan siminti. Na daɗe ina ɗaure ta ina shan magani ina shiga fili, har ranar da likitan ƙashi ya duba hoton ya ce in ina so in riƙa durƙusawa a sallah ba da kujera ba nan gaba, to in haƙura. Na fito daga asibitin jikina a mace, domin tun ina yaro ban san wata sana'a ba. Kai tsaye na wuce gidan tsohon kocinmu, dattijon da ya fara koya mini riƙe ƙwallo da 'yan yatsu. Na ce, "Baba, likita ya sallame ni, ina so in bi sahunku." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, da safe ake kama fara. Kofunanka ba za su sa a buɗe maka fayil ba. Je ka nemo takarda tun sunanka bai gushe a bakin mutane ba." A ranar maganar ta yi mini zafi, don ina ganin shekarun da na yi a fili sun ishe ni shaida. Ofisoshin da na shiga bayan haka duk gaskiyarsa suka tabbatar.

Wuri na farko shi ne ofishin ƙungiyar ƙwallon raga ta jiha, wanda a jiharmu ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta filin wasa, cikin hukumar wasanni ta jiha. A nan na fahimci yadda tsanin yake. Ƙungiyar jiha tana ƙarƙashin hukumar ƙwallon raga ta ƙasa, NVBF, ita kuma tana cikin hukumar Afirka, CAVB, sai ta duniya, FIVB, wadda aka kafa a 1947 kuma ofishinta yake Lausanne a ƙasar Suwizalan. Duk wani kwas ko gurbi daga sama ta wannan tsani yake saukowa, sunanka kuma ta nan yake hawa. Ba a tsallake matakin jiha. Sakataren ma'aikacin gwamnati ne da ke riƙe da wasanni fiye da ɗaya, shugaban ƙungiya kuma ba kullum yake zuwa ba domin aikin sa-kai ne, yana da harkokinsa. Abin da nake nema wasiƙar gabatarwa ce kawai, mai nuna cewa ni ɗan wasan jiha ne kuma ƙungiya ta amince in tafi kwas, amma sai da na yi ta sintiri, yau sakatare na taro, gobe shugaba ya yi tafiya, jibi babu wutar buga takarda. Wani masinja mai kirki ne ya ba ni shawarar in rubuto wasiƙar da kaina a shagon kwamfuta, in kawo a kwafa a kan takarda mai tambari, a sa hannu. Da na yi haka a yini ɗaya aka gama.

Sakataren ya kuma ce in haɗo shaidar cewa na buga wasa. Abin ya ba ni mamaki, mutumin da ya sha zama a gefen fili yana kallona. Amma ya yi gaskiya da ya ce, "Malam, ni na san ka, fayil bai san ka ba." Wasanmu ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da ake samun sunanka a jaridu da intanet. Sai na koma gida na zazzage akwati: katunan shiga gasa masu hoto, takardun yabo, hotunan ƙungiya, guntun jarida da ya ambaci sunana, da wasiƙar da na roƙi manajan tsohon kulob ɗinmu ya rubuta mai nuna shekarun da na yi da su. Da yawa daga cikin katunan sun ɓace a ƙaura daga gida zuwa gida. Duk ɗan wasan da ke karanta wannan, ya samu leda mai kauri ya riƙa zuba kowane kati da kowace wasiƙar gayyata sansani tun yau.

A wannan gaɓa ne na shiga ruɗanin da ya fi ci mini lokaci, kuma shi ne babban dalilin rubutun nan. Wasu suka ce in tafi Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Legas. Wasu suka ce ɓata kuɗi ne, in jira kwas ɗin FIVB, shi duniya ta sani. Kowa yana magana kamar ɗaya ce za ta maye gurbin ɗaya, alhali aikinsu daban. Takardar NIS ita ce hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiharmu ta sani, da ita ake ɗora mutum a layin koci kuma a yanka masa matakin albashi. Takardar FIVB kuwa ta cikin gidan wasan ce, ita ake dubawa idan ana maganar riƙe babban kulob, ko shiga ayarin masu horar da 'yan wasan ƙasa, ko neman aiki a waje. Mai neman abin da zai ci da iyali a aikin gwamnati ya fara da ta Legas. Wanda yake da kaki da albashi tuni, yana iya fara jiran ta FIVB. Ni da ba ni da albashi, Legas na nufa.

An kafa NIS a 1974, tana cikin harabar babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere. Tana da gajeren kwas na 'yan watanni da kuma doguwar difloma, kuma ba koci kaɗai take horarwa ba, har da masu gudanar da harkar wasanni. Na zaɓi gajeren saboda ƙarfina ke nan. Da yake hukumar tarayya ce, a lokacin da na je kuɗin fom da na makaranta ta Remita ake biya, bayan an koma asusun bai-ɗaya a 2015: a cire maka lambar biya a shagon intanet, ka kai banki, ka riƙe rasit. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu da sunan zai taimake ka, kuma ka yi wa rasit ɗin hoto da waya kafin tawadarsa ta goge. Takardun da aka nema su ne sakamakon sakandare, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar ƙaramar hukuma, shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, hotunan fasfo, da wasiƙar ƙungiyar jiha. Yanzu sai a ƙara da lambar NIN, wadda babu inda ba a tambaya.

Wajen haɗa takardun nan na gamu da abin da yake kama mutanenmu da yawa. Sunana a takardar sakandare rubutu ɗaya, a katunan gasa wani rubutun, a banki kuma an sa sunan garinmu a madadin na mahaifi. Masu rajistar gasa yadda suka ji suna haka suke rubutawa. Dole na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ne, sannan na buga sanarwa a jarida na ajiye shafin. Kuɗin ba shi da yawa, amma in ka bari sai ka isa Legas sannan aka gano, komawa gida za ka yi. A duba wannan tun kafin a sayi fom.

Kuɗin makaranta yana canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka a tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai kai tsaye. Abin da zan iya faɗa shi ne, kuɗin makarantar bai kai nauyin abin da ke kewaye da shi ba. Akwai motar dare zuwa Legas da dawowa, wurin kwana, abinci a garin da komai da tsada, kambas, kayan atisaye, usur, agogon awon lokaci, littattafai da kwafe-kwafe, ga kuma abin da za ka bar wa iyali na tsawon watannin. Na sayar da babur ɗina. Uwargidana ta kwashi adashinta ta ɗora mini a hannu, ta ce, "Baban yara, ka tafi ka yi abin da ya kai ka, gida na nan." Har yau in na tuna wannan dare sai zuciyata ta karye. Wasu jihohi suna ɗaukar nauyin 'yan wasansu, na rubuta takardar neman tallafi, har na tafi na dawo ban ji amsa ba. A rubuta, amma kada a jingina tafiyar a kanta.

Zaman Legas ya girgiza ni ta inda ban zata ba. Da asuba atisaye, da hantsi aji har la'asar: tsarin ƙashi da tsoka, yadda jiki ke gajiya da yadda yake farfaɗowa, halayyar ɗan wasa, taimakon gaggawa, tsara horo na mako da na shekara, da dokokin wasa. Na daɗe rabona da biro, ga Turancin malamai da sauri, makonnin farko sai in koma ɗaki kaina na sarawa. Wani ɗan'uwa daga Filato da ke kwas ɗin ƙwallon kwando ne muke zama da dare yana maimaita mini darasi, ni kuma ina nuna masa dabarun tsalle. Ranar Juma'a mukan gangara Idi-Araba wajen 'yan'uwa Hausawa, mu yi sallah, mu ci tuwo, mutum ya ji kamar ya leƙa gida.

Darasin da ya fi tsaya mini shi ne na gwajin koyarwa. Aka ba ni ɗalibai daga wasu wasannin, 'yan dambe da masu gudu, aka ce in koya musu ɗaga ƙwallo da 'yan yatsu. Wannan shi ne abin da na fi kowa iyawa a wurin. Na ɗauki ƙwallo na ɗaga, na ce su yi haka. Suka kasa. Na sake ɗagawa, suka sake kasawa. Malamin ya tsayar da ni ya tambaye ni ina ƙafafuna suke lokacin da ƙwallo ke saukowa, ina gwiwar hannuna take, a saitin ina nake tarar ƙwallon. Ban iya amsawa ba, domin jikina ne ya sani, bakina bai sani ba. Ɗan wasa kamar tsohon direba ne da zai kai ka ƙauye cikin dare ba tare da ya ɓata ba, amma ka ce ya kwatanta maka hanyar sai ya rasa ta cewa. Sai da na koyi rarraba motsi guda gida-gida: shiga ƙarƙashin ƙwallo tukuna, ƙafa ɗaya gaba kaɗan, hannuwa a saman goshi, turawa daga gwiwa ba daga wuyan hannu kaɗai ba. A ganina wannan shi ne ainihin abin da ke raba ɗan wasa da koci, kuma shi ya sa ba na yarda da masu cewa tsohon ɗan wasa ba ya buƙatar aji. Na ga gwanaye da suka fi ni nesa ba kusa ba, suka riƙe yara suka kore su da tsawa, saboda sun kasa gane dalilin da abu mai sauƙi a wurinsu yake gagarar yaro.

Bayan jarrabawar rubutu da ta fili, takardar sakamako aka fara ba mu, satifiket ya biyo baya. Da ita na koma gida na rubuta takardar neman aiki ta hannun daraktan wasanni. A nan jira na gaske ya fara. An ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata sai gwamna ya ba da izini. Fayil ɗina ya tashi daga hukumar wasanni zuwa ma'aikata, daga can zuwa hukumar ɗaukar ma'aikata, a wani ofis ya kwanta har aka ce ba a gan shi ba. Abin da ya cece ni shi ne ina da kwafin kowace takarda, kuma duk inda na miƙa sai na sa an buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafina. Na nuna wa magatakardan na ce, "Ranka ya daɗe, ga hatiminku," sai aka sake buɗe fayil ba tare da na faro daga tushe ba. Kada ka taɓa ba da asalin takarda, kuma ka rubuta lambar fayil ɗinka a waya.

Ban zauna jira ba. Na roƙi shugaban wata makarantar sakandare ya bar ni in riƙa horar da yara da yamma kyauta. Filin ƙasa ne, muka auna mita 18 da mita 9 da igiya, muka zuba toka a layi, muka ja layin mita uku, wani mai walda ya haɗa mana turaku. Tsayin raga na manyan maza mita 2.43 ne, na mata 2.24, amma ga yara sai na sauke ta, domin yaron da ƙwallonsa ba ta tsallakawa ba ya dawowa gobe. Ƙwallon Mikasa ta gaske tana da tsada kuma ƙasa na cinye ta, don haka tsofaffin da kulob ya yar na roƙo muka riƙa faci. 'Yan mata ne suka fi ba ni aiki, ba a fili ba, a zaurukan gidajensu. Gida-gida na bi tare da wata malama, ina yi wa iyaye bayanin cewa yarinya za ta yi wasa da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali, kuma malama na wurin har a tashi. Wani uba ya ce ai a talabijin ba haka yake gani ba. Na nuna masa hoton Doaa Elghobashy ta Masar, wadda ta buga ƙwallon raga na yashi da hijabinta a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Koci, amana ce, kafin magariba tana gida." Ban taɓa saɓa wannan sharaɗi ba. Wannan aikin kyauta shi ya zama shaidar ƙwarewata daga baya, domin na sa shugaban makarantar ya rubuta mini wasiƙa kowane ƙarshen zango.

Kwas ɗin FIVB mataki na ɗaya ba shi da ranar da aka tsayar kowace shekara. Hukumar ƙasa ce ke nema, a amince, a turo malami, wani lokaci da tallafin asusun Olympic Solidarity ta hannun kwamitin Olamfik na Najeriya. Injiniya Habu Gumel, wanda ya daɗe yana shugabantar ƙwallon raga a ƙasar nan kuma ya zama mamban kwamitin Olamfik na duniya a 2009, da Injiniya Musa Nimrod da ya karɓi hukumar a 2017, sunayen da duk mai harkar zai riƙa ji ke nan. Sanarwa takan zo wa ƙungiyoyin jihohi, amma gaskiya a rukunin WhatsApp na masu horarwa aka fi saurin ganinta, don haka ka nemi a saka ka tun kana ɗan wasa. Gurbi kaɗan ne, kuma sunan da jiha ta tura shi ake karɓa. Da na ga sanarwar, washegari da sassafe ina ƙofar sakatare da wasiƙun makaranta da takardar NIS. Na biya kuɗin rajista, mota da masauki kuma daga aljihuna, muka haɗu mu da yawa a ɗaki ɗaya don sauƙi.

Kwas ne gajere amma a matse, safe aji, yamma fili, kuma ana kiran suna, wanda ya yi fashi ba ya zama jarrabawa. A Legas an koya mana jikin ɗan Adam da koyarwa gaba ɗaya, a nan kuwa ƙwallon raga ce zalla. Malamin ya bi da mu tsarin jera 'yan wasa na 4-2, wato masu simash huɗu da seta biyu, da ya dace da masu koyo, da 6-2 mai seta biyu da ke karɓa-karɓa, da 5-1 mai seta guda wanda manyan ƙungiyoyi ke bugawa, da yadda ake jera masu karɓar sabis a kowane juyi ba tare da an yi laifin tsayuwa ba. Ya nace a kan cewa yara su riƙa taɓa ƙwallo da yawa, a daina jera su dogon layi koci na jefa wa ɗaya bayan ɗaya, a raba su uku-uku a ƙananan filaye. Haka aka horar da mu da dogon layi, kuma da na gwada sabuwar hanyar a makaranta cikin 'yan makonni na ga bambanci. Jarrabawar rubutu da Turanci ce, ta fili kuma a ba ka batu ka shirya atisaye ka gudanar a gaban malami. Wanda Turancinsa ke da rauni kada ya ji tsoro, ya karanta littafin dokoki tun daga gida, ya iya zana fili da lambobin wurare shida, sauran aikin hannu ne.

Wasa na farko da na zauna a benci a matsayin koci ya nuna mini wasu ƙananan abubuwa da ɗan wasa ba ya lura da su. Kai za ka duba sunaye da lambobi a takardar maki ka sa hannu. Kafin kowane zagaye kai za ka cika takardar jeri, kuma da zarar ta isa teburin mai rubuta maki ba ta canjuwa sai da canji na doka. Kana da hutu biyu na daƙiƙa 30 da canji shida a zagaye, shiga da fitar libero ba ya cikin lissafi. Ba ka da izinin yi wa alƙali gardama, kyaftin ɗin da ke cikin fili ne kaɗai zai nemi bayani. Daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar huɗuba, abu ɗaya za ka faɗa. Mafi nauyi shi ne wasu daga cikin 'yan wasan abokaina ne da muka kwana ɗaki ɗaya a sansani, suna kirana da laƙabina na fili. Ranar da na ajiye ɗayansu a benci na sa yaro, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Na same shi a gida, na ce masa, "Yaya, ba raini ba ne, kafaɗarka ba ta ɗagawa kuma kai ma ka sani." Muka yi magana ta fahimta, yanzu shi ne mataimakina a wurin yara, kuma na sa shi ya fara haɗa takardunsa.

Akwai kuma maganar shekaru. Gasar matasa ta ƙasa, wadda aka sha yi a Ilorin, ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce kuma ana tantancewa. Za a matsa maka ka saka manya don a ciwo lamba. Na ƙi, na ji maganganu, amma yaran da na tafi da su da takardun haihuwarsu na gaskiya su ne yau suke buga wa jiha. Ƙasashen da suke gabanmu a Afirka, Masar da Tunisiya a maza, Kenya da Kamaru a mata, da yaran gaske suke gini shekara da shekaru.

Takardar ɗaukar aiki ta zo bayan na kusa fid da rai. Sai wani zagayen: gwajin lafiya, cika fom ɗin ma'aikata, asusun fansho, tantance BVN, sannan watanni kafin sunana ya hau takardar albashi, aka biya bashin daga baya. A nan na ga cewa matakin da ake ɗora mutum ya dogara da karatunsa na boko tare da takardar horarwa. Wani da bai taɓa buga gasar ƙasa ba, amma yana da digiri a ilimin motsa jiki, sama da ni aka ajiye shi. Abin ya sosa mini rai, amma haka tsarin aikin gwamnati yake, kuma shi ya sa na shiga karatun NCE na ƙarshen mako. Ɗan wasan da ke da sauran ƙarfi ya yi wannan karatu yanzu, tsakanin gasa da gasa akwai watannin da ake zaman banza.

Mataki na biyu na FIVB sai wanda ya ci na ɗaya kuma ya yi aiki da shi na wani lokaci, don haka ka riƙa ajiye littafin atisayenka da sakamakon wasannin ƙungiyarka. Idan ba a shirya shi a Najeriya ba, yana iya faɗowa a wata ƙasa ta shiyya ta uku ta CAVB, wadda muke ciki tare da Nijar, Gana, Benin da Togo, kuma a mafi yawansu da Faransanci ake koyarwa, don haka a tambayi harshen kwas kafin a biya kuɗi. Fasfo ya zama a hannu tun kafin sanarwa, domin tsakanin fitowarta da rufe rajista ba ya isa a yi sabo. Masu kaki kuma su tuna takardar sakinsu daga hedikwata take fitowa ba daga kocin kulob ba, sai a rubuta neman izini da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin kwas, a haɗa da wasiƙar hukumar ƙasa idan ta iso.